Kwali Ba Ya Hawa Fuska: Yadda Nake Gwada Kayan Kwalliya Kafin In Biya

A ƙasan madubin shagona akwai wata durowa da yaran da nake koya wa aiki suka laƙaba wa suna "maƙabarta". Duk abin da na saya da ɗoki ya watsa min ƙasa a ido, nan nake jefa shi. Shekara 11 ke nan ina yi wa amare da ƙawayensu kwalliya a Kano, sau uku ina kwashe durowar nan, ga ta yanzu ma da ƙyar take rufuwa. In kika buɗe ta ba tarkacen bakin titi za ki gani ba. Kwalabe ne masu murfin ruwan zinare, da kwalaye masu madubi a ciki, da sunayen da ake ji da su a Instagram. Mafi yawansu sun fi abubuwan da nake aiki da su kullum tsada.

Wadda ta fara shiga ciki hoda ce. Wata ƙawata ta taho min da ita tsaraba daga Dubai, fara ƙal, ga laushi kamar garin da aka tankaɗe sau uku, a cikin wani mazubi da har tausayin buɗe shi nake ji. Na adana ta sai ranar babban aiki. Amaryar wankan tarwaɗa ce, na zauna na tsara ta, duk wadda ta leƙo ɗakin sai ta ce Masha Allah. Aka tafi dina. Bayan kwana biyu gwaggon amarya ta kira ni, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Hajiya, me muka yi miki?" Ta turo min hotuna. Ƙasan idon yarinyar da goshinta da haɓarta fari fat, kamar wadda ta kifa fuska a buhun fulawa. A ido babu komai, amma da hasken kyamara ya dake ta sai hodar ta maido da shi. Na mayar musu da kuɗinsu, amma dina ba a sake ta.

Ba zan kama sunan ko kamfani ɗaya daga cikin waɗanda suka ba ni kunya ba. Na sha ganin abin da ya ƙi fuskar wance ya zauna ɗas a fuskar wance, kuma sau da yawa abin da muke tsine wa ma ba kamfanin ne ya yi shi ba, jabu ne aka manna wa sunansa. Abin da zai amfane ki shi ne yadda ake gwaji, don ki riƙa kama su da kanki.

Fandeshon, inda kuɗi suka fi salwanta

Rabin durowar nan fandeshon ne, wato shafin da ake fara yi wa fuska don launinta ya daidaita, don haka a nan zan fi daɗewa.

Ki daina gwada shi a bayan hannu. Hannunki yana wanke-wanke, yana shan rana, yana shan lalle, launinsa daban da na fuskarki. Ki ɗauki kala uku da kike zato, ki ja layi ɗaya-ɗaya daga gefen kumatu ki gangaro kan muƙamuƙi har ki taɓa wuya. Wadda ta ɓace, har kika rasa inda ta fara da inda ta tsaya, ita ce taki. Kuma kada ki yanke hukunci a cikin shago. Fararen ƙwayayen da suke kunnawa komai kyau suke masa. Ki karɓi madubi ki fita bakin ƙofa, ki duba a hasken rana. Mai shagon da ya ji haushin haka, ki san da walakin.

Sannan ki jira. Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa saboda gaggawa. Fandeshon da yawa suna juyewa in sun haɗu da iska da maiƙon fuska: kina shafawa daidai, bayan minti 20 ya koma ruwan manja ko ya yi duhu. Ni abin da nake yi, in na ja layukan sai in tafi sauran sayayyata a kasuwar, in dawo in sake duba madubi. Akwai wata kwalba da na taɓa saya har guda uku a tashi ɗaya saboda yadda ta burge ni a shago. Kafin in iso gida a adaidaita sahu, kumatuna ya zama kamar bangon jar ƙasa.

Na san za ki ce a kasuwar Sabon Gari wa zai bar ki ki fasa masa kwalba? Gaskiya ne, da yawa ba za su yarda ba. To ga dabara: je wurin mai kwalliyar unguwarku a ranar da ba ta da cunkoso, ki ba ta ɗan wani abu, ta gwada miki cikin nata kayan. Ki rubuta sunan da lambar kalar. Da wannan lambar za ki shiga kasuwa, ba da "ba ni wadda za ta dace da ni" ba, don mai shago wadda ta daɗe a kanta ita ce za ta dace da ke.

Akwai kuma abin da ya wuce duhu da haske. Ki jera mata biyu baƙaƙe masu duhu ɗaya, za ki ga ɗaya fatarta ja-ja take daga ƙasa, ɗaya kuma ruwan ɗorawa-ɗorawa. Wankan tarwaɗa ma haka. Wasu kamfanonin in za su yi kalar baƙar mace sai kawai su ɗauki ta Turawa su ƙara mata ja, shi ya sa take fitowa kamar bulo, ko kuma ta yi toka-toka kamar wadda ta kwana a gindin murhu. In kin ga duhun ya yi daidai amma fuskarki ta yi wani fururu kamar marar lafiya, ba ke ba ce, launin ƙasan ne bai zo ɗaya ba. Ki bar shi, ko nawa ne sunansa.

A 2017 ne mawaƙiyar nan Rihanna ta fito da kamfaninta na Fenty Beauty da kala 40 na fandeshon a lokaci guda, daga nan sauran kamfanoni suka shiga rige-rigen yawan kala. Abin ya yi mana daɗi mu baƙaƙen fata. Sai dai kala 40 a talla take. Ɗan kasuwar da zai yi oda zuwa nan bai fi ya ɗauko biyar ko shida ba, kuma masu hasken zai kwaso, don su ake saya. A nan kam laifinmu ne. Kullum sai an ce min, "Anti, a sa min wadda za ta ɗan haska ni." In aka sa, fuska ta tafi gabas wuya ya tafi yamma, a hoto kamar an ɗora kan wata a jikin wata. Kamfanonin gida irin su House of Tara da Zaron don fatarmu suka fara yin kayansu tun asali, don haka in kin rasa kalarki a na waje, ki leƙa na gida kafin ki haƙura da wadda ba taki ba. Su ma dai gwajin nan za ki yi musu, babu wanda na ɗauke wa.

Gwaji na ƙarshe shi ne na zufa. Kada ranar biki ta zama ranar farko da sabon fandeshon zai hau fuskarki. Ki shafa shi ranar da kike gida, ki shiga kicin ki ɗora tukunya, ki yi awa huɗu. Sai ki ɗauki farin hankici ki danna a goshi da gefen hanci, ki duba bakin hijabinki ko mayafinki. In rabinsa ya koma jikin ƙyalle, kin ga abin da zai yi wa farin leshin anko. "Awa 24" ɗin da ake rubutawa a jikin kwalba ba a ƙarƙashin rumfar kamu a watan Afrilu aka ƙirga su ba, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40.

Hoda da hasken kyamara

Abin da ya faru da amaryar can yana da dalili. Wasu hodoji, musamman farare sol ɗin nan da ake cewa ba su da kala, an cika su da sinadarin da ake rubutawa silica. Akwai kuma titanium dioxide da zinc oxide, waɗanda ake sawa don kare fata daga rana. Dukkansu suna iya maido da haske in an lafta su, kuma a baƙar fata abin ya fi fitowa. Gwajin bai kai minti biyu ba: ki shafa yadda za ki shafa ranar fita, ki shiga ɗaki ki kashe fitila, ki kunna filashin wayarki ki ɗauki hoto. Abin da kika gani shi mai hoto zai gani. Ni yanzu ko kyauta aka ba ni hoda, sai ta bi ta ɗakin duhu kafin ta shiga akwatin aiki. Ga mai duhun fata, hoda mai ɗan ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa ta fi fara aminci, kuma a kaɗe ragowar da buroshi, kada a bar ta jibge a ƙasan ido.

Juya kwalbar ki karanta bayanta

Gaban kwalba na masu talla ne. Bayanta ne ake tilasta wa kamfani ya faɗi abin da ya zuba. Ƙa'idar ita ce a jera sinadaran daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, sai 'yan ƙananan da ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su ana iya jera su yadda aka ga dama a ƙarshe. Ba sai kin iya Turanci sosai ba, matsayi kawai za ki duba.

Misali, man shafawa ya zana ƙwallon kaɗanya ƙato a gaba, ya ce da man kaɗe aka yi shi. Juya baya ki nemi Butyrospermum parkii, sunan man kaɗe ke nan a wurinsu. In kin same shi cikin biyar na farko, to da gaske suke. In kuwa sai can ƙasa, bayan parfum, wato ƙamshi, ko bayan phenoxyethanol, wanda ake sawa don kada kaya su lalace kuma a dokar Turai ba ya wuce kashi 1 cikin 100, to ɗan ɗigo aka sa don a samu abin rubutawa. Kin biya kuɗin hoton kaɗanya. Da ki yi haka gara ki sayi man kaɗe na gaske a wurin matan da ke kawo shi daga ƙauye, a rubu'in kuɗin. Haka za ki yi wa duk wani mai da ke tinƙaho da zuma, ko zaitun, ko habbatussauda.

Ki kuma nemi wani ɗan zane na gwangwani mai buɗaɗɗen murfi, da lamba a jikinsa: 6M, 12M ko 24M. Yana nufin watannin da abin zai yi yana da kyau daga ranar da aka buɗe shi. Wannan ne ya sa na daina sayen manyan kwalabe don "sun fi auki". Macen da ba ta kwalliya sai Juma'a da ranar suna ba za ta shanye babbar kwalba a wata 12 ba, rabi za ta zubar.

Na asali da mai bi masa

Duk sunan da ya yi tashe sai an yi jabunsa, na waje da na gida. Wani jabun ma kwalinsa ya fi na asalin sheƙi. Abin da na fi dogara da shi shi ne lambar rukunin da aka buga a gindin kwalba, 'yan haruffa da lambobi: ta zo ɗaya da wadda ke jikin kwalin. In sun saɓa, ko babu ita sam, ko kin goga da yatsa ta goge, ajiye. Sai wari. Jabu yakan yi warin fenti ko kananzir, ko kuma a cika masa turare don a danne warin. Sai rubutu: harafi ya faɗi, ko layi ya karkace. Lambar NAFDAC ki duba ta, rashinta a kan man shafawa alama ce babba, amma samunta kaɗai bai isa ba, don mai buga kwalin jabu ba lamba ce za ta gagare shi bugawa ba.

Farashi ma yana magana. Abin da ake sayarwa dala 40 a inda aka yi shi, ya hau jirgi, ya biya kwastan, ya zo Kano, a ce miki ki kawo kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa biyu ba? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma kada ki ɗauka tsada hujja ce, don an gane mu, yanzu jabun ma tsada ake sa masa don ya yi kama da na gaske.

Wata dabara da na koya a wurin wani dattijo mai shago: kada ki tambaya "orijina ne?", don amsar "wallahi Hajiya" ce kullum. Ki ce, "Alhaji, kawo min na asalin da mai bi masa in gani." In ya ga kin san akwai biyu, yawanci sai ya shiga ciki ya fito da wani. Ki ajiye su gefe da gefe, ki ɗaga ki ji nauyi, ki murɗa murfi. Daga ranar ba za a sake yi miki ba a kan wannan kayan.

Wani lokacin kuma kayan na asali ne, ajiya ce ta kashe shi. Jan baki da fandeshon da suka yi wata uku a tebur cikin rana, ko a shagon kwano da ba ko fanka, sun dahu. In kin ga mai ya taso sama ya rabu da sauran kuma girgizawa ba ta haɗa su ba, ko jan baki ya yi ɗigo-ɗigon zufa a jikinsa yana warin tsohon man gyaɗa, ya gama aiki. A gida ma kada ki ajiye kayanki a taga ko a cikin mota.

Ƙananan da ke cin kuɗi a ɓoye

Falet ɗin kalolin saman ido mai gida 40 ko 60 shi ne sarkin ruɗi. Kina buɗewa kamar bakan gizo, amma huɗu za ki yi ta amfani da su har su ƙare, sauran su tsufa. Mai talla da yatsa take dangwalowa ta ja a farin hannu, ai dole ya fito. Ke ki gwada da buroshi a kan fatarki. Ki fara da ruwan ɗorawa da shuɗi da ruwan hoda, su ne ke tona asiri: a falet marar kyau sai su koma kamar alli.

Jan baki busasshe, irin mai kamewa ɗin nan da ba ya gogewa, yana da kyau a hoto, amma a hunturu azaba ne. Leɓe ya riga ya tsage, ki ɗora masa abin da zai ƙara tsotse shi, kafin a kai ga rabon abinci ya farfashe kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Daga Disamba zuwa Fabrairu mai ɗan maiƙo nake sa wa mutane, sai wadda ta nace.

Maskara kuwa kada ki kashe mata kuɗi da yawa, don wata uku ne ranta bayan an buɗe, mai tsada da mai araha. Gashin idon da kike gani a talla sau da yawa na kanti ne aka ƙara. In ta bushe a yar, kada a ɗiga mata ruwa, balle yawu, ido ba abin wasa ba ne. Kuma don Allah, gam ɗin da ake manna gashin kai ba na gashin ido ba ne, ko da kin ga wata mai kwalliyar tana yi.

Duk abin da aka rubuta ba ya jin ruwa, ki tuna da alwala kafin ki saya. Irinsu ba sa fita da sabulu, sai da mai ko abin gogewa na musamman, kuma malamai sun yi bayani a kan abin da ke hana ruwa taɓa fata. Amarena dai nakan ce su yi alwala kafin mu zauna, mu kuma daidaita lokacin da sallah. Na kullum kuwa, gara wanda ruwa zai ɗauke.

Waɗanda ba kuɗi kaɗai suke ci ba

Duk na sama in sun ba ki kunya kuɗinki ne suka tafi. Akwai waɗanda fata suke tafiya da ita.

Na farko man haɗi. Robobi ne masu kyau, an ɗaura musu ribon, an sa musu suna mai daɗi, ana tallarsu a WhatsApp da TikTok da hoton "kafin" da "bayan", ana cewa zallar kayan itatuwa ne. Babu jerin sinadarai, babu adireshi, babu ranar lalacewa. Ki riƙe wannan: babu kurkum ko madara ko karas da zai mai da baƙar mace fara a kwana bakwai. Abin da ke yin haka sinadari ne, ko hydroquinone, ko maganin kumburin fata mai ƙarfi irin clobetasol da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, ko kuma makuri, wato zaiba, wanda ke taɓa ƙoda. Wata biyun farko fata za ta yi luwai-luwai, kowa na tambayarki me kike shafawa. Daga baya sai koren jijiyoyi su bayyana, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, nanƙarwa ta fito a inda ba a haihu ba, ƙuraje su feso, saman kumatu ya ƙone ya yi baƙin da ya fi na da. A 2023 sai da hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Ni a kujerata nake ganinsu. Irin wannan fatar ko fandeshon ba ta riƙewa, ga ta sirirya, kana taɓawa ta yi ja. In kin riga kin fara, kada ki je wurin wata mai haɗin ta ba ki "na gyara", an gudu daga gara ke nan an faɗa gidan zago. Ki je asibiti wurin likitan fata da robar a hannunki, don mai irin clobetasol in an yanke shi rana ɗaya fata takan yi bore.

Na biyu baƙin ƙunshi. Lalle na gaskiya ja yake bayarwa, kuma yana son lokaci. Wanda ke yin baƙi wuluk cikin minti 30 yawanci dayis ne, rinin gashi, mai sinadarin da ake taƙaita sunansa PPD. Wasu ba ya yi musu komai, wasu kuwa zanen fulawar gaba ɗaya zai tashi ya yi ruwa kamar ƙuna, ya bar tabo mai siffar zanen. Na ga amaryar da aka kai ɗakinta hannu a naɗe. A ɗiga kaɗan a cikin dantse a bar shi kwana biyu cur kafin ranar sa lalle, don ba nan take yake nunawa ba. Wadda rinin gashi ya taɓa yi wa ƙaiƙayi ko kumburi kada ma ta gwada. Wannan gwajin na kwana biyu shi nake yi wa kowane sabon mai, har da haɗin dilka in ban san hannun da ya haɗa ba.

Na uku zai yi wa wasu ɗaci, don ni ma da shi aka raine ni: kwalli. Na dutse mai ƙyalli ɗin nan da ake daka wa a zuba a tandu, yawancinsa dutsen dalma ne. A 2011 a birnin Boston na Amurka likitoci sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka bi sawu sai aka gano tozalin da ake sa masa ne, da aka auna shi kuwa kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Na yi rigima da kakar 'ya'yana a kan wannan, ta ce su da aka sa musu me ya same su. Ban iya amsa mata ba don girmanta, amma tandun na ɗauke daga ɗakin jego. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki.

In ke ce mai haɗa lefe

Yayyen ango da ƙannensa, ku ji da kyau. Akwatin kayan shafa shi ne wanda aka fi asara a cikin lefe. Ana shiga shago a ce "a haɗa mana na kece raini", mai shago ya kwaso duk abin da ke da babban kwali, 'yan ganin lefe su yi guɗa, amarya ta buɗe ta tarar fandeshon ɗin na Balarabiya ne ita kuwa baƙa ce kyakkyawa. Ƙarshensa a raba wa ƙanne. Ku aika a tambayo ta sunan abin da take shafawa da lambar kalarta, babu abin kunya a ciki. In ana jin nauyi, a sayi turare da sabulu da man da aka san tana amfani da shi, a sa kuɗin fandeshon da hoda a ambulan ta zaɓa da kanta. Manyan akwatunan nan masu hawa uku da ke ɗauke da komai da komai, daga jagira har jan farce, ban taɓa ganin wanda rabin kayansa suka yi amfani ba.

Abin da kika riga kika saya

Ba duka ake zubarwa ba. Fandeshon da ya yi miki haske, ki riƙa ɗiga shi kaɗan a ƙasan ido da tsakiyar goshi. Wanda ya yi duhu ya koma gefen kumatu da gefen hanci, ko ki haɗa biyun a bayan hannu su ba ki kalarki. Wanda ya yi kauri a sirka shi da ɗigon man fuska. Jan bakin da ya cika bushewa, ki fara shafa man kaɗe ki ɗan goge sannan ki ɗora. Kalolin ruwan ƙasa da suka rage a falet suna cike gira. Amma duk abin da ya canza wari, ko ya sa miki ƙaiƙayi ko da sau ɗaya, ko maskarar da ta wuce wa'adinta, shara. Kada ki ba 'yar aiki, kada ki ba ƙanwa.

Farar hodar Dubai ɗin tana nan a durowa, ita kaɗai ce ta tsallake kwashewa uku. Duk yarinyar da ta zo koyon aiki, a makonta na farko nakan sa ta shafa ta a ƙasan ido, in tura ta ɗakin ajiyar kaya ta rufe ƙofa ta ɗauki kanta hoto da filashi. Daga waje muke jin salatinta.